Wace manhajar magunguna ta dace da wayar likita: Medscape, Epocrates, Lexidrug, BNF, EMDEX ko jagoran MSF?

Babu likitan da ya haddace ma'aunin duk magungunan da yake rubutawa, kuma ba wanda ya ce sai ya haddace. Abin da ake so shi ne idan kokwanto ya zo masa, ya samu inda zai duba cikin minti ɗaya kafin biro ya taɓa kati. Da can ƙaramin littafi ne a aljihun farar riga, yanzu waya ce. Sai dai manhajojin sun yi yawa, wasu kyauta, wasu sai da dala, kuma mafi yawan waɗanda suka yi suna an gina su ne domin likitan Amurka ko na Birtaniya, ba domin wanda ke aikin dare a babban asibitin Gumel ko na Tasawa ba.

Batun ba ƙarami ba ne. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da shirin rage mummunar cutarwar da kuskuren magani ke jawowa da rabi cikin shekara biyar, ta kuma ƙiyasta cewa irin wannan kuskure yana lashe kimanin dala biliyan 42 duk shekara. Manhaja tana iya toshe wani ɓangare na wannan ɓaraka, tana kuma iya buɗe sabuwa idan aka zaɓi wadda ba ta san inda ake ba.

Ma'aunan da za a gwada su da su

Na farko, shin tana buɗewa idan babu sabis? Wannan ya fi duk sauran nauyi a wajenmu. Kokwanton ma'auni ya fi zuwa da ƙarfe biyun dare, a ɗakin yara, inda sabis ke layi ɗaya kuma data ta ƙare tun la'asar. Manhajar da ba ta sauke bayananta cikin waya ba, a wannan lokacin ba ta da amfani.

Na biyu, shin ta san magungunan da ke kan kantarmu, da ƙarfin da suke zuwa da shi? Ruwan paracetamol na yara a Amurka miligiram 160 ne a cikin mililita 5, namu kuwa 120 ko 125. Wanda ya kwafi adadin mililita kai tsaye daga manhajar Amurka bai ba yaro abin da yake zato ba.

Na uku, yadda take da yara, jarirai, masu ciki da masu ciwon ƙoda, domin a nan ne kuskure ya fi kisa. Na huɗu, ko tana da wurin duba karon magani da magani. Na biyar, kuɗi da hanyar biya. Na ƙarshe, wa ke bayanta, sau nawa ake sabunta ta, kuma da me take samun kuɗi.

Medscape

Ta kamfanin WebMD ce, kuma da wuya ka samu ɗalibin likitanci a Najeriya da ba shi da ita. Kyauta ce, rajista kawai za ka yi. Tana da bayanin magunguna, da wurin duba karo, da na'urorin lissafi irin na aikin ƙoda, da bayanin cututtuka. Ana iya sauke bayanan magungunan a ajiye cikin waya, amma sai ka shiga ka yi hakan da kanka, kuma da yawa ba su taɓa yi ba sai ranar da sabis ya ɗauke suka gane.

Ƙarfinta yana wajen duba karo. Ɗauki matar da ke shan maganin tarin fuka mai ɗauke da rifampicin, tana kan maganin ƙanjamau mai dolutegravir, akwai ashanar fata ta tazarar haihuwa a damtsenta, yau kuma ta zo da zazzaɓin cizon sauro. Rifampicin yana sa hanta ta riƙa narkar da wasu magunguna da sauri. Saboda haka dolutegravir sai an ƙara mata wani miligiram 50 bayan awa 12, ashanar fatar ba abin dogaro ba ce a wannan hali, kuma artemether da lumefantrine ƙarfinsu yana raguwa sosai a jininta. Likitan da ya ga mutum sittin tun safe zai iya tuna ɗaya ya manta biyu. Idan ya zuba sunayen a manhajar, duk za su fito.

Rauninta biyu ne. Tushenta dokokin Amurka ne, don haka wasu magungunanmu na yau da kullum, kamar amodiaquine da ake haɗawa da sulfadoxine-pyrimethamine wajen rigakafin zazzaɓin damina ga yara 'yan wata 3 zuwa 59, ba a sayar da su can, bayaninsu kuma ko dai babu ko ya yi ƙaranci. Sannan da talla take ci, ciki har da na kamfanonin magunguna. Tallan ba ya canza ma'auni, amma yana cin data yana kuma jan ido.

Epocrates

Tsohuwar hannu ce, tun kafin wayoyin zamani ake amfani da ita a ƙananan na'urorin aljihu, kuma tun 2013 tana hannun kamfanin athenahealth. Akwai ta kyauta, akwai ta kuɗi wadda kuɗin shekararta ya haura dala 100. Ta fi Medscape sauri da taƙaitawa: ka buɗe, ka ga ma'aunin babba, na yaro, abin da aka hana, ka rufe. Amma ta fi ta zama 'yar Amurka. Wani yanki mai yawa na abin da take alfahari da shi, kamar sanin wane inshora ke biyan wane magani, ko gane ƙwaya ta launi da lambar da ke jikinta, bai shafe mu ba ko kaɗan. Idan kana da Medscape, ban ga abin da zai sa ka biya dala saboda Epocrates ba.

UpToDate Lexidrug da Micromedex

Waɗannan su ne manya. Lexidrug ita ce aka sani da Lexicomp kafin kamfanin Wolters Kluwer ya sauya mata suna a 2024. Micromedex kuwa ta bar hannun IBM ta koma Merative a 2022. Babu talla a cikinsu, kuma zurfinsu ya wuce na kyauta nesa ba kusa ba: yadda za a rage magani a kowane matakin ciwon ƙoda, abin da za a yi wa mai wankin ƙoda, ma'aunin jarirai da bakwaini, da kuma waɗanne allurai ne za su iya bin layin ƙarin ruwa ɗaya ba tare da sun dunƙule ba. Wannan na ƙarshen yana da muhimmanci ga ɗakin jarirai. Ceftriaxone ba ya haɗuwa da ruwa mai sinadarin calcium, irin su Ringer's lactate, kuma a jaririn da bai wuce kwana 28 ba haɗin yana iya kashewa. Lexidrug tana kuma ware karon magunguna daraja-daraja, daga wanda ba ya buƙatar komai zuwa wanda aka ce a kauce masa gaba ɗaya, tare da bayanin dalili.

Kuɗin ne cikas. Cikakken tsarin Lexidrug na mutum ɗaya ɗaruruwan daloli ne a shekara, kuma tun da aka saki naira a tsakiyar 2023 wannan ya zama albashin wata ko fiye ga ƙaramin likita, ban da wahalar katin banki da ya sha ƙin biya a waje. Micromedex ma galibi ta hanyar rajistar asibiti ake samun ta. Akwai ƙofa ɗaya da ba kowa ya sani ba: shirin Better Evidence na cibiyar Ariadne Labs da ke Boston yana ba likitoci da ma'aikatan lafiya na ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi damar amfani da UpToDate, rumbun bayanan cututtuka da jiyya na Wolters Kluwer, kyauta idan suka nema suka cika sharuɗɗa, kuma bayanan magungunan da ke cikin UpToDate daga Lexidrug suke. Cike takardar neman bai kai wahalar neman dala ba.

Duk da zurfinsu, su ma idonsu yana kan Amurka, kuma allurar artesunate ta zazzaɓin cizon sauro mai tsanani ta isa misali. Sai a 2020 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da ita, a kwalba mai miligiram 110, da ma'auni ɗaya ga kowa: miligiram 2.4 a kowane kilo. Tun 2015 kuwa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaron da bai kai kilo 20 ba a ba shi miligiram 3 a kowane kilo. Yaro mai kilo 12 ke nan zai samu miligiram 36, ba 29 ba. Kwalbar da aka fi samu a nan mai miligiram 60 ce, ana narka ta da mililita 1 na bicarbonate a ƙara mililita 5 na ruwan gishiri, kowace mililita ta zama miligiram 10, sai a zuƙo 3.6. Manhaja mai kyau za ta iya kawo ma'aunan biyu, amma mai gaggawa layin farko yake karantawa, kuma umarnin haɗa kwalbar Amurka ba zai yi aiki a kan tamu ba.

BNF da BNF na yara

BNF shi ne kundin magunguna na Birtaniya. Da yawa daga malamanmu da shi suka yi karatu, kuma har yau tsarin rubutunsa ya fi kusa da yadda ake koyarwa a Zariya, Kano, Sakkwato da Maiduguri. Sunayen magungunansa su ne namu: salbutamol, glibenclamide, pethidine, inda manhajojin Amurka ke kiransu albuterol, glyburide da meperidine. Ma'aunan gwajinsa ma su ne ɗakunan gwajinmu da yawa ke amfani da su. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Idan sakamakon creatinine, gwajin aikin ƙoda, ya zo maka da 90 a ma'aunin micromol, ka zuba shi a gurbin da ke jiran miligiram ba tare da ka raba da 88.4 ba, na'urar za ta ce maka ƙodar mutumin ta mutu alhali lafiyarsa ƙalau.

A ganina, ga yara babu kamar BNF na yara wajen tsabtar bayani: jariri ɗan ƙasa da kwana 7, ɗan kwana 7 zuwa 20, ɗan wata ɗaya, kowa da layinsa. Matsalar samu ce. Manhajar da shafin kyauta ne ga waɗanda ke Birtaniya. Daga waje sai ta rajistar MedicinesComplete, wadda ake biya, ko sayen littafin, wanda aka saba fitar da na manya sau biyu a shekara, na yara sau ɗaya. Abin da ya jawo ke nan tsofaffin kwafi suke yawo a zaurukan WhatsApp, wasu sun shekara takwas ko goma. Tsohon kwafi zai ba ka ma'aunin amoxicillin na yara da aka riga aka ɗaga, ba zai kuma gaya maka sababbin gargaɗi irin na sodium valproate ga mata masu shekarun haihuwa ba. Kuma BNF yana kallon zazzaɓin cizon sauro a matsayin ciwon matafiya ne.

Ga likitocin Nijar, Chadi da Kamaru da suka yi karatu da Faransanci, Vidal ce ke zaune a wannan gurbi. Ƙarfinta da rauninta iri ɗaya ne da na BNF: harshe da tsarin da aka saba, amma kasuwar Faransa take bayani, kuma cikakkiyarta ta kuɗi ce.

EMDEX da Greenbook na NAFDAC

EMDEX na gida ne, an gina shi a kan jerin muhimman magunguna na Najeriya, akwai littafi akwai na waya. Abin da yake yi wanda babu ɗaya daga na sama da zai yi shi ne sunayen kasuwa. Mara lafiya ya zo da kwali daga kemis, da suna irin wanda wani kamfanin Indiya ya laƙaba domin kasuwar Kano kawai, kana so ka san me ke ciki da ƙarfinsa. Nan EMDEX yake da rana. Ga artemether-lumefantrine kaɗai akwai sunaye barkatai, wasu ƙwaya mai 20/120 da babba ke shan huɗu a lokaci guda, wasu mai 80/480 da ake shan ɗaya. Rubuta "ƙwaya huɗu sau biyu a rana" ba tare da faɗin ƙarfi ba hanya ce ta ninka magani sau huɗu. Littafinsa da naira ake saye. Amma wajen zurfin bayanin ƙoda, jarirai da karon magunguna bai kai Lexidrug ko BNF ba, kuma littafin yana tsufa kamar kowane littafi.

Greenbook kuwa rumbun NAFDAC ne na magungunan da aka yi wa rajista. Kyauta ne, yana buƙatar intanet, ba ya ba da ma'auni. Aikinsa ɗaya: ka duba ko lambar da ke jikin kwali ta dace da sunan da kamfanin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2017 cewa ɗaya cikin goma na magungunan ƙasashe masu tasowa jabu ne ko marasa inganci, kuma ba a manta da maganin haƙoran yara na My Pikin da ya kashe yara 84 daga ƙarshen 2008 ba. Sai dai mai buga jabu yana iya kwafar lamba ta gaske, don haka dacewar lamba ba shaidar ingancin abin da ke cikin kwalba ba ce.

Jagoran MSF

An ce araha ba ta ado, amma wannan kyauta ce kuma ita zan fara ɗora wa duk wanda aka tura asibitin karkara. Manhajar MSF Medical Guidelines ta Médecins Sans Frontières ce, ƙungiyar likitocin agajin nan da ke aiki a Maraɗi, Katsina, Zamfara, Jahun da Sakkwato, saboda haka waɗanda suka rubuta ta sun san ɗakin da babu na'urar gwajin ƙoda kuma firij ya dogara da hasken rana. Tana aiki ba sabis, tana da Turanci, Faransanci, Larabci da Sifaniyanci, babu talla. Ma'aunanta suna zuwa a jadawalin nauyi da shekaru, sau da yawa har da adadin ƙwaya ko mililita, abin da ke rage lissafin kai da tsakar dare. Tana bayanin magnesium sulfate ga mai jijjiga ta hanyar allurar ɗuwawu, wadda ita ce mai yiwuwa inda babu injin tura ruwa. Tana kula da yaro mai tamowa, da ƙyanda, sanƙarau, kwalara da saran maciji. Tana ma faɗin zafin da kowane magani ke jurewa, kamar oxytocin da ke son sanyin digiri 2 zuwa 8, abin da ya kamata a tuna a watan Afrilu.

Iyakarta a fili take. Jerin magungunanta gajere ne, ba za ka samu sababbin magungunan suga, na zuciya ko na daji ba. Ba ta da wurin zuba magunguna biyar a duba karonsu. Kuma inda ta saɓa da ƙa'idojin jiyya na ƙasa, na ƙasa za a bi.

Biyu na musamman

Ga maganin ƙwayoyin cuta, littafin AWaRe da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2022 yana cikin manhajar Firstline kyauta. Yana bayanin cututtuka sama da 30, wane magani za a fara da shi, na kwana nawa, da kuma inda ba a buƙatar magani sam. Ga wurin da ceftriaxone ya zama gaisuwar maraba ga duk mai zazzaɓi, wannan ya fi Sanford Guide dacewa, wadda ta kuɗi ce kuma ta ginu a kan bijirewar ƙwayoyin cutar Amurka. Ga mai ganin masu ƙanjamau kuwa, manhajar HIV iChart ta Jami'ar Liverpool kyauta ce, kuma a fanninta ta fi duk manyan. Ita za ta tuna maka cewa ƙwayar ƙarin jini da ake ba mai ciki tana rage shigar dolutegravir jiki idan aka sha su tare ba abinci.

| Manhaja | Kuɗi | Ba sabis | Magungunanmu | Yara da jarirai | Duba karo | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|---|
| Medscape | Kyauta | Idan an sauke | Matsakaici | Matsakaici | Akwai | Ma'aunin Amurka, talla |
| Epocrates | Kyauta ko dala | Galibi | Rauni | Matsakaici | Akwai | Ta Amurka ce zalla |
| Lexidrug, Micromedex | Tsada | Idan an sauke | Matsakaici | Ƙarfi sosai | Mafi zurfi | Yankewa idan kuɗi ya ƙare |
| BNF | Kuɗi a wajen Birtaniya | Littafi ko manhaja | Sunaye sun dace | Ƙarfi sosai | Jeri | Tsofaffin kwafi |
| EMDEX | Naira | Littafi | Mafi ƙarfi | Matsakaici | Taƙaitacce | Tsufan bugu |
| Jagoran MSF | Kyauta | E | Na asali | Ƙarfi | Babu | Gajeren jeri |

Haɗarin da ya shafe su duka

Wurin duba karo yana da cuta ɗaya: yawan kururuwa. Ka zuba magunguna shida na dattijo mai hawan jini da suga, gargaɗi goma sha biyu su fito, goma ba su da nauyi. Bayan mako biyu ido ya daina karantawa. Wani nazari na 2006 da ya tattara bincike kan asibitocin da ke rubuta magani da kwamfuta ya gano cewa likitoci suna tsallake kashi 49 zuwa 96 cikin ɗari na irin wannan gargaɗi. Manhajojin ma ba sa jituwa da juna: abin da ɗaya ta kira mai tsanani, wata za ta ce matsakaici. Kuma babu wadda ta san jiƙon da mara lafiya ya sha kafin ya zo, ko tramadol ɗin da bai faɗa ba, ko cewa yana da ƙarancin G6PD, sinadarin da ke kare jajayen ƙwayoyin jini, ƙarancin da ya yawaita a cikinmu kuma yake sa primaquine, dapsone da nitrofurantoin fasa jini. Wannan sai da baki za a tambaya.

Sai manhajojin sata da ake turawa ta Telegram, wai Lexidrug ko UpToDate kyauta. Bayanansu sun tsaya a ranar da aka fasa su, ba wanda ya san me aka cusa a ciki, kuma a wayar da kake ajiye hotunan sakamakon marasa lafiya kake ɗora su. Haka nan tambayar ChatGPT ko Meta AI ma'aunin magani: suna ba da amsa da cikakken ƙarfin hali ko daidai ne ko ba daidai ba, kuma ba ka da shafin da za ka nuna idan aka tambaye ka daga ina ka samo.

Wa zai ɗauki wace

Likita mai hidimar ƙasa, ko ma'aikacin lafiya a asibitin karkara inda sabis ke zuwa ya tafi: jagoran MSF da Firstline, a sauke su tun a gari, da kwafin ƙa'idojin jiyya na ƙasa. A ƙara Medscape domin duba karo. Ba a kashe ko sisi ba.

Ɗalibi da mai sanin makamar aiki a asibitin koyarwa: Medscape, da BNF idan ɗakin karatu yana da sabon bugu, sannan a nemi UpToDate ta Better Evidence tun yanzu.

Likitan yara, musamman mai ɗakin jarirai: BNF na yara ko Lexidrug, kuma a nan kuɗin ya cancanta. Idan mutum ɗaya ba zai iya ba, sashen ya sayi sabon littafin duk shekara a ɗaure shi a teburin ma'aikatan jinya. Ga zazzaɓin cizon sauro da tamowa a koma kan ƙa'idar ƙasa da ta Hukumar Lafiya ta Duniya.

Mai kula da masu ciwon ƙoda, ɗakin kulawa ta musamman ko ciwon daji: Lexidrug ko Micromedex, babu madadi, kuma asibiti ne ya kamata ya biya, ba likita daga aljihunsa ba.

Mai asibiti mai zaman kansa da masanin haɗa magunguna da ke fama da kwalayen kemis kullum: EMDEX da Greenbook a gaba, Medscape a baya. Mai asibitin ƙanjamau da tarin fuka ya ƙara HIV iChart. Likitan Damagaram ko Maraɗi ya haɗa jagoran MSF na Faransanci da Vidal idan asibitinsa na iya biya.

Kowace ka zaɓa, kafin ka dogara da ita ka kashe data, ka nemi magunguna uku da ka fi rubutawa, ka duba ko ta buɗe, ko ƙarfin da ta ambata shi ne na kantarku, da kuma ranar da aka sabunta shafin.